Ƙanƙarar da ke Narkewa a Ƙarshen Duniya: Ina Ruwan Manomin Isa da Ita?

TAMBAYA

Malam, ni manomi ne, ina kuma koyarwa a wata makarantar firamare a nan ƙasar Isa. Kwanakin baya na ji ana faɗa a rediyo cewa wata ƙanƙara mai girman gaske da ke can ƙarshen duniya tana narkewa, wai teku yana ƙaruwa har zai cinye garuruwa. Yarona kuma ya nuna mini a waya yadda wani dutsen ƙanƙara ya rufta cikin ruwa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, don mu ma nan damina ta rikice mana. Wata shekara sai mu yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama, wata shekara kuma gulbi ya kawo ya kwashe abin da muka noma a fadama. Shin ruwan tekun nan zai iya isowa har wurinmu? Akwai alaƙa tsakanin waccan ƙanƙara da damunarmu, ko kuwa zancen Turawa ne da bai shafe mu ba? Ɗalibaina sun tambaye ni na rasa abin ce musu. In kuma gaskiya ne, me talaka irina zai iya yi, ga shi ko gonar daji ba kullum ake samun zuwa ba saboda halin da muke ciki?

Malam Bawa, Isa, Jihar Sakkwato

AMSA

Malam Bawa, na gode da wannan wasiƙa, Allah ya saka maka da alheri a kan tarbiyyar yaran da kake yi, ya kuma kawo mana ƙarshen fitinar 'yan bindiga da ta addabi ƙasar Gobir. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko teku zai iso Isa, ko ƙanƙarar can tana da hannu a rikicewar damina, da kuma abin da ya rage a hannun manomi. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ka kwantar da hankalinka a kan ta farko. Teku ba zai zo Isa ba, ba zai zo Sabon Birni ba. Tsakaninku da gaɓar teku ta Legas akwai fiye da kilomita 700, kuma ƙasarku tana bisa tudu, sama da mita 250 daga doron teku. Masana sun auna cewa ko da dukkan ƙanƙarar duniya ta narke ƙarƙaf, abin da teku zai ƙaru bai wuce wajen mita 70 ba, kuma wannan aiki ne na dubban shekaru. Saboda haka ka cire wa ɗalibanka wannan tsoro tun yau.

Amma labarin da ka ji gaskiya ne, kuma damuwarka tana kan hanya. Mutumin da ya zuba iri sau uku a shekara guda yana da haƙƙin ya tambayi abin da ke faruwa da sama. Kowane zubin da ya ƙone, hatsin da iyali za su ci ne aka ɗebo daga rumbu aka binne. Ƙanƙarar ta shafe ku, sai dai ta hanyar hadari take zuwa muku, kuma can zan kai ka in sha Allahu. Bari mu fara sanin ita kanta.

Manyan shimfiɗun ƙanƙara guda biyu ne a duniya. Ɗaya tana can arewa mai nisa, a kan tsibirin Girinlan. Faɗinta ya kusa ninka Najeriya sau biyu, kaurinta a tsakiya ya kai kilomita 3. Ɗayar tana can kudu, a nahiyar Antatika, wadda ta ninka Najeriya wajen sau 15, kuma kaurin ƙanƙarar ya wuce kilomita 4 a wasu wurare. Dusar ƙanƙara ce da ta yi ta zuba shekara bisa shekara ba ta narke ba, ta sama tana danne ta ƙasa har ta zama kamar dutse. Ruwan da ke daskare a Girinlan kaɗai ya isa ya ɗaga teku mita 7, na Antatika kuwa wajen mita 58.

Ga gwajin da za ka yi wa yara a aji. Ka sami ƙanƙara irin wadda ake saya lokacin azumi, ka jefa gutsure a kofin ruwa, ka yi alama inda ruwan ya tsaya. In ta narke za ka ga ruwan bai haura alamar ba, don tun tana yawo a ciki ta riga ta ci wurinta. Sai ka ɗora wani gutsuren a kan rariya a bakin kofin, ya riƙa ɗiga. Wannan karon ruwan zai hau. Ta farko ita ce misalin ƙanƙarar da ke shawagi a kan teku. Ta biyu ita ce ta Girinlan da Antatika, wadda ke zaune a kan ƙasa, duk ɗigon da ya bar ta ƙari ne a kan teku.

Tun shekarar 2002 akwai taurarin ɗan'adam da ke auna nauyin wannan ƙanƙara daga sama. Abin da suka nuna shi ne Girinlan tana asarar wajen ton biliyan 270 kowace shekara, Antatika kuma wajen ton biliyan 150. Don ka ji girman abin, ɗauki madatsar ruwan Goronyo da ka sani. In ta cika maƙil, ruwanta bai kai mita kubik biliyan ɗaya ba. Abin da Girinlan kaɗai ke zubarwa cikin teku a shekara ya isa ya cika Goronyo fiye da sau 270. A watan Agustan 2021 ma, a ƙololuwar ƙanƙarar Girinlan inda dusa kawai aka san tana zuba, an yi ruwan sama a karon farko tun da aka fara ajiye lissafi.

Dalilin narkewar shi ne zafi, zafin kuwa daga hayaƙi yake. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu da motoci, iskar kabon ta yi ta taruwa a sararin sama. Kafin zamanin injuna, a cikin kowane kashi miliyan na iska akwai wajen kashi 280 nata. Yanzu ta wuce 420. Aikinta kamar bargo ne: tana barin hasken rana ya shigo, ta hana zafin komawa. Shekarar 2024 ita ce ta farko da zafin duniya ya ɗara na wancan zamani da fiye da maki ɗaya da rabi a ma'aunin Salshiyos, iyakar da ƙasashe suka yi alkawarin ƙoƙarin kiyayewa a yarjejeniyar Faris ta 2015.

Can arewa mai nisa abin ya fi sauri, kusan sau huɗu a kan sauran duniya. Ka san bambancin farar riga da baƙa a tsakar ranar bazara. Ƙanƙara fara ce, tana mayar da hasken rana. In ta narke sai baƙin ruwa ko baƙar ƙasa su bayyana, su sha zafi, zafin ya ƙara narkar da ta kusa da su. Haka abin ke ciyar da kansa.

Daga 1901 zuwa 2018 teku ya hau wajen santimita 20, kimanin taƙi guda. Wani kaso daga ƙanƙara ne, wani kuma daga kumburin da ruwa ke yi in ya ɗumama. Taƙi guda ƙaramin abu ne a ido, amma ga garin da ke daidai da bakin ruwa shi ne bambancin kwana a gida da kwana a sansani. Garin Ayetoro a Jihar Ondo ya riga ya rasa babban ɓangarensa ga teku. Legas ma ƙasa-ƙasa take, ta yi ta gina katangar duwatsu tana kare kanta. Ka tuna can ne albasa da shanu da wakenku ke zuwa kasuwa, can ne 'yan cirani da yawa na yankinku ke nema su aiko gida. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu zo kan damina, wadda ita ce zuciyar wasiƙarka. Ruwan da ke zuba a gonarka ɗan teku ne. Da bazara, in ƙasar Sahara ta yi zafi sosai, sai ta jawo iska mai laima daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Ita ce iskar da kake ji ta juyo bayan hunturu ya wuce, ka ce damina ta kusa. Tana hawowa arewa a hankali, ta wuce Legas, ta wuce Neja da Zariya, sannan ta iso muku. Ku kuna kusa da ƙarshen zangonta, shi ya sa rabonku wata uku zuwa huɗu ne, wajen milimita 600 a shekara. Wanda yake ƙarshen layi, in abin rabo ya ragu ko kaɗan, shi ke fara ji.

Abin da ke yanke nisan da wannan iska za ta hau arewa, har da ɗumin teku. In arewacin Atlantika ya fi kudancinsa ɗumi, damina takan hau sosai ta wadace ku. In arewacin ya yi sanyi, sai ta maƙale a kudu. Akwai kuma wani babban magudani a cikin tekun, kamar gulbi a cikin ruwa, wanda ke kwasar ɗumi daga kudu ya kai arewa. In ruwan ya isa kusa da Girinlan sai ya huce, kuma da yake mai gishiri ne mai nauyi, sai ya nutse ƙasa ya juyo kudu. Wannan nutsewar ita ke jan sauran, kamar yadda guga in ya nutse yake jan igiya.

To, ruwan ƙanƙarar da ke narkewa ba shi da gishiri, don haka bai da nauyi. In ya yi yawa a saman tekun sai ya hana nutsewar, magudanin ya yi rauni, ɗumin da ke zuwa arewa ya ragu, damina ta ja baya ta bar ƙasashenmu. An ga alamar haka a tarihin ƙasa: wajen shekara 16,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara mai yawa ta kwarara cikin arewacin Atlantika, an yi fari mai tsanani a wannan ɓangare na Afirka. A 2017 wasu masana na Faransa sun yi lissafi suka nuna cewa in narkewar Girinlan ta yi sauri, ruwan Sahel zai iya raguwa har ƙasar da ake noma gero da dawa ta tsuke sosai. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce a rahotonsa na 2021 raunin magudanin a wannan ƙarni abu ne da ake tsammani ƙwarai, amma tsayawarsa kwatsam kafin shekarar 2100 ba shi ne abin da suka fi zato ba. Ma'ana akwai haɗari na gaske, akwai kuma sauran lokaci.

In wani ya ce maka abin da ke nesa ba ya taɓa mu, tuna masa da farin 1973 da na 1984. Dattawan Isa ba su manta ba, dabbobi sun mutu, rumbuna sun bushe, mutane sun watsu. A lokacin an yi ta ɗora laifin a kan manomi da makiyayi kaɗai. Daga baya bincike ya nuna babban dalilin yana cikin teku: arewacin Atlantika ya yi sanyi in an gwada da kudanci, kuma hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana, yana cikin abin da ya sanyaya shi. Bututun hayaƙin da ba ku taɓa gani ba ya shiga rumbunku.

Abin da kuke gani a yau kuwa fuska ta biyu ce ta zafin da duniya ke ƙarawa. Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali. Iska mai zafi tana ɗaukar laima da yawa, in ta tashi saki sai ta saki gaba ɗaya. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku daga 1982 zuwa 2016. Shi ya sa ruwan sati biyu yake zuba a dare guda, kogunan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi su kawo su tumbatsa kogin Rima, sannan sama ta ɗauke har shuka ta yi yaushi. Dubi Goronyo: a watan Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta ci ƙauyukan bakin Rima har ta karya gadar zuwa jami'ar Sakkwato. A farkon 2018 kuma ruwanta ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Madatsa ɗaya ce, tsakanin shekara takwas.

Ina so in faɗa maka wani abu don kada ka ɗauki nauyin da ba naka ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. Murhun uwargidanka bai narkar da Girinlan ba. Rage hayaƙin aiki ne da ya fi rataya a wuyan manyan ƙasashe, kuma shi ya sa a taron sauyin yanayi na Masar na 2022 aka amince da kafa asusun tallafa wa ƙasashen da abin ya yi wa ɓarna. Haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar wakilanmu ina wannan magana ta kwana. Haka kuma kada a ce maka sauyin yanayi ne ya kawo 'yan bindiga. Wannan fitina tana da nata tushen, sai dai in ƙasar noma da burtali da mashaya suka tsuke, wuta takan fi saurin kamawa.

Abin da ke hannunka shi ne ruwan da ya sauka a gonarka, da yadda za ka riƙe shi. Maƙwabtanku na Maraɗi, 'yan'uwanku na jini da yare, sun nuna hanya. Tun wajen 1983 manoma can suka fara barin kututturen gawo da sabara da kalgo su toho a gona maimakon a sassabe su kaf. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sare sauran. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban ruwa ba, don saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ta haka aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo kuwa ka san halinsa: yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ganyen ya zama taki, da rani ya ba dabbobi abinci. Wannan aiki da adda kawai ake yin sa, kuma a gonar bayan gari ma yana yiwuwa, tun da ka ce ta daji ba kullum ake kai mata ba.

In kana da faƙo wanda ruwa ke gudu a kansa, ka haƙa ƙananan ramuka da rani irin waɗanda mutanen Tawa ke kira tassa, ka zuba ɗan taki a kowanne, ka shuka a ciki. Ramin yana tare ruwan farko ya ajiye wa shuka har ta tsallake kwanakin da sama ta ɗauke. Ka yi huɗa a gicciyen gangare, ka bar kara a gona bayan girbi gwargwadon hali, don ya rufe ƙasa daga iska da rana.

A kan iri, kada ka zuba ƙarfinka wuri guda. Ka haɗa gero mai saurin nuna, irin Sosat, da irin da ka gada, ka sa wake a tsakani. Kada ka fitar da duk irinka a ruwan farko, ka ajiye kaso don maimai. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukarta da ɗaukewarta a kowane yanki. Ka saurara a rediyo ko ka tambayi malamin gona, ka haɗa da abin da idonka ya saba gani. Hasashe ba sanin gaibu ba ne, karanta alama ne, kamar yadda kakanninmu ke duban tohon itace da juyawar iska.

A fadama kuwa, ka lura da inda ruwa ya tsaya a shekarar da gulbi ya fi kawowa, ka ɗauki nan a matsayin iyaka. Rumbu da ɗakin kwana su kasance sama da ita. Kafin marka ta kankama, unguwa ta haɗu a yashe magudanai, a toshe gindin katangun ƙasa. In an yi gargaɗin ambaliya a tashi da wuri, don dukiya ana sake nema. Da tsananin bazara kuma a kula da tsofaffi da jarirai, a ba su ruwa da inuwa, don zafin yanzu yana kisa. A watan Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai maki 48 da rabi a garin Kayes na Mali.

Na san wani zai ce ai ruwa na Allah ne. Haka ne, babu mai saukar da ɗigo ɗaya sai Shi, kuma roƙon ruwa da istigfari suna nan a matsayinsu. Amma Shi ne ya shimfiɗa sababai, ya ba mu hankali, ya ba mu amanar ƙasa. Wanda ya yi shuka yana jiran rahama bai saɓa wa tawakkali ba, haka ma wanda ya bar gawo ya tsaya ko ya haƙa tassa.

Ga aikin da nake so ka ba ɗalibanka, Malam. Bayan gwajin kofi, ku kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a filin makaranta, ku riƙa auna ruwan da ya tara da rula duk safiyar da aka yi ruwa, ku rubuta a littafi da kwanan wata. Kowane yaro kuma ya je ya tambayi kakansa yaushe ake fara shuka a da, waɗanne itatuwa ne suka ɓace, ina gulbi ke tsayawa. Cikin 'yan shekaru makarantarku za ta mallaki tarihin damunar Isa da babu wanda ya rubuta shi. Kowane aji ya riƙe itace guda ya raina har ya fi ƙarfin awaki.

In sun sake tambayarka game da ƙanƙarar ƙarshen duniya, ka ce musu teku ba zai zo gidansu ba, amma hadarin da ke shayar da geronsu daga tekun yake tasowa, kuma abin da ya taɓa ƙanƙarar yana iya taɓa shi. Sannan ka fita da su ka nuna musu kututturen da ya fara toho a bakin gona, ka koya musu reshen da za su bari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga fari da ambaliya, ya mayar da zaman lafiya Isa da Sabon Birni da sauran ƙasarmu, har kowa ya koma gonarsa ta daji ba tare da waiwaye ba. Ka gaishe mini da yaran.